Sunan Kwas Ba Ya Riƙe Gida

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe rajista, cibiyoyin da ke kudancin kogin Kaduna sukan cika maƙil tun da sanyin safiya. Yaran Narayi da Barnawa da Sabon Tasha da Unguwar Television sukan yi layi, kowa riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa, a ciki akwai lambar NIN da lambar da aka turo masa ta waya da 'yar takardar da aka rubuta masa darussa huɗu. Idan layi ya zo kan yaro, a ɗauki zanen yatsunsa, a ɗauki hotonsa, sai ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ya jefo tambaya: wace jami'a, wane kwas? A nan za ka ga yaro ya waiwaya yana neman idon yayansa, ko ya ciro waya ya kira gida, ko ya maimaita abin da ya ji na gabansa ya faɗa. Cikin minti biyu an yanke hukuncin da zai ci shekara huɗu zuwa shida na ƙuruciyarsa, ya cinye kuɗin da uwa ta tara a adashi, ya kuma shata hanyar da zai bi wajen neman abinci har tsufa. Sau da yawa amsar ba ta wuce uku: likita, lauya, injiniya. Wannan ɗabi'a ta zaɓen kwas saboda sunansa tana cutar da 'ya'yanmu fiye da yadda muke zato, kuma gyaranta yana hannunmu. Kwas ɗin da ya dace da yaro shi ne wanda zai iya ƙwarewa a cikinsa, wanda gida zai iya ɗaukar nauyinsa har ƙarshe, wanda kuma aka san aikin da ake yi da shi. Gane waɗannan abubuwa uku aikin shekaru ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A fara da lissafi, domin shi ba ya son kai. A jarrabawar JAMB ta 2025 yara kusan miliyan biyu ne suka zauna, kuma a sakamakon farko da hukumar ta fitar, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. A jami'ar da ake rububinta kamar Ahmadu Bello ta Zariya, maki 200 ba ya kai mutum ko bakin ƙofar sashen likitanci. Ƙuncin ƙofar kuma yana da dalili. Majalisar da ke kula da aikin likitoci ta ƙasa ita ke yanka wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitanci da za ta ɗauka a shekara, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwaje-gwajenta da gadajen asibitin koyarwarta. Haka majalisar ilimin shari'a take yi wa sassan lauya. Shugaban jami'a ko yana so ba shi da ikon faɗaɗa gurbin da kansa. Sakamakon haka, mafi yawan waɗanda suka rubuta likitanci a fom hanya biyu ce ta rage musu. Wasu su zauna gida su sake jarrabawa shekara biyu ko uku, har zuciya ta fara mutuwa. Wasu a tura su sashen nazarin tsirrai ko na dabbobi ko na sinadarai, su shiga da ɓacin rai, suna kallon kwas ɗin a matsayin hukunci. Ɗalibin da ya raina abin da yake karantawa ba ya tsayawa ya iya shi. Yakan fito da digiri mai rauni a fannin da ya ishi mutum arziki in da an riƙe shi da hannu biyu, sai a ce kwas ɗin ne ba shi da albarka.

Abin da gidaje da yawa ba su lura da shi ba shi ne, zaɓen kwas ya riga rajistar JAMB da shekara uku. Yana farawa ne ranar da yaro ya gama ƙaramar sakandare aka raba aji, wasu kimiyya, wasu adabi, wasu kasuwanci. Mai son likitanci sai ya rubuta Fiziks da Kemistiri da Bayoloji tare da Turanci. Mai son injiniyanci ba shi da makawa sai Lissafi da Fiziks. Mai son lauya sai da Adabin Turanci. Wanda ya shiga ajin da babu darasin da kwas ɗinsa yake nema, ƙofa ta rufe masa tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ko sha biyar. A makarantu da yawa kuwa rabon ajin ya zama rabon daraja: ajin kimiyya na masu ƙwaƙwalwa, sauran azuzuwa na waɗanda aka rasa yadda za a yi da su. Uba yakan je wurin shugaban makaranta ya nace sai an sa ɗansa a kimiyya, alhali takardar sakamakon yaron tana nuna Lissafi yana ba shi wuya, Turanci da Tarihi kuwa kamar ruwan sha. Yaron ya shafe shekara uku yana haddar abin da bai fahimta ba. In WAEC ta matso, a fara cigiyar makarantar da ake kau da kai a ɗakin jarrabawa. Kiredit ya fito, gida a yi murna, amma ramin ƙarya ƙurarre ne: shekarar farko a jami'a takan tona komai, lokacin da ba sauran mai raɗa amsa. An yi asarar mai yiwuwa lauya ko ɗan jarida ko akanta na ƙwarai, ba a kuma sami likitan ba.

Mutanen kudancin kogin Kaduna sun fi kowa cancantar fahimtar cewa babu sunan aikin da ke da tabbas, domin darasin yana nan a Kakuri, tafiyar 'yan mintuna daga Narayi. An buɗe masaƙar KTL a 1957, zamanin Sardauna. UNTL ta biyo baya a 1964, ga masaƙar Arewa da sauransu, har Kaduna ta zama cibiyar saƙa ta Nijeriya. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975, matatar mai ta Kaduna ta fara aiki a 1980. Waɗannan masana'antu su suka jawo dubban ma'aikata daga Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da kudancin ƙasa, unguwannin wannan ɓangare na kogi suka cika da su da iyalansu. A lokacin, wanda ya karanta fasahar saƙa a Zariya ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, ana ganin ya gama da talauci. Sai rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwaurin atamfa mai araha da durƙushewar noman auduga suka taru suka karya masaƙun. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Wanda ya bi ta Kakuri yau zai ga dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe masu tsatsa, ciyawa ta tsiro inda a da jiniya ke kiran ma'aikata. Abin lura shi ne yadda mutane suka rabu bayan rufewar. Wanda ya iya gyaran injin da hannunsa, ko haɗa wayar wuta, ko riƙe littafin kuɗi da gaske, ya ɗauki iyawarsa ya tafi da ita wani wuri. Wanda muƙami kawai yake da shi ya zauna jiran haƙƙin sallama shekara da shekaru. Kamfani yana rufewa, kasuwa tana juyawa, ƙwarewa ce kaɗai ke bin mai ita duk inda ya nufa.

Saboda haka ma'aunin farko shi ne iyawar yaron kansa, kuma ba wuya a gane ta in an so. Takardun sakamako na shekara uku a jere sun fi mafarkin iyaye faɗin gaskiya, muddin ba na saye ba ne. A jera su a kan tabarma a duba darasin da makinsa ba ya sauka ko da an canza malami. A je makaranta a tambayi malamin Lissafi da na Turanci, a roƙe su su faɗi gaskiya ko da ba daɗi. A lura da abin da yaro yake yi ba tare da an sa shi ba: wani in rediyo ta lalace sai ya kwance ta, wata ita ke riƙe lissafin shagon mahaifiyarta ba ta taɓa ɓatar da naira ba, wani ƙannensa sun fi gane darasi in shi ya koya musu, wata ba ta ƙyamar jini ko wankin ciwo. Waɗannan alamu ne na gaske. Sha'awa kaɗai ba ta isa, domin yaro yakan so farin kayan likita ko rigar lauya da ya gani a talabijin, alhali bai san abin da ke ƙarƙashinsu ba, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin nema shi ne inda sha'awa da iyawa da juriya suka haɗu. Haka nan a yi wa 'ya'ya mata adalci a wannan awo. Yarinyar da ta fi kowa Lissafi a ajinsu bai kamata a karkatar da ita daga injiniyanci ko kimiyyar kwamfuta don kawai an saba ganin maza a can ba.

Ma'auni na biyu shi ne tsawon hanyar da nauyinta. Likitanci shekara shida ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa. Lauya shekara biyar ce, sai makarantar horar da lauyoyi irin ta Bwari ko ta Bagauda, da nata kuɗin daban. Injiniyanci da aikin gona da digirin jinya shekara biyar-biyar ne, likitan dabbobi shida. Wannan kuma in komai ya tafi daidai. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ya rufe ajujuwa wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma wanda ya wuce shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa. Ga kuɗin makaranta, wanda iyayen ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna ba za su manta da ƙarin da aka yi masa a 2021 ba, kafin a rage a 2023. Ga kuɗin ɗaki da abinci da littattafai da kayan aiki. Asusun ba ɗalibai rance da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2024 ya kawo sauƙi, amma bashi ne da za a biya bayan bautar ƙasa, don haka ya ƙara wajabta a zaɓi abin da za a iya gamawa. Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: shin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta amince da wannan kwas a wannan jami'a, shin majalisar masu sana'ar ita ma ta amince? Yaron da ya karanta injiniyanci ko haɗa magunguna ko jinya a sashen da ba shi da wannan amincewa yana iya fitowa da takardar da ba za a yi masa rajistar aiki da ita ba. Tambayar minti biyar ce, rashin yin ta kuwa asarar shekara biyar.

Ma'auni na uku shi ne aikin da kwas yake yi a duniya, kuma ɗan Narayi ba ya buƙatar zuwa nesa kafin ya gani. A Barnawa akwai asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa, a Kakuri akwai asibitin Saint Gerard, a cikin gari akwai asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga cibiyar kula da ido ta ƙasa da ta kula da kunne, duk a Kaduna. Wanda ya shiga ɗaya daga cikinsu ya zauna awa guda zai ga cewa likita ɗaya yana tsaye ne a kan ƙafafun mutane da yawa: mai gwajin jini, mai ɗaukar hoton ƙashi, mai haɗa magani, ma'aikaciyar jinya, ungozoma, mai gashin ƙashi, mai auna ido, masanin halayyar ɗan Adam. Kowane ɗaya fanni ne mai zaman kansa da ake karantawa. A waiwaya gona. Jihar Kaduna ce kan gaba a noman citta a Nijeriya, kuma a 2023 cutar da ta faɗa wa citta a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko ta durƙusar da manoma ba adadi. Wanda ake nema a irin wannan rana shi ne masanin cututtukan tsirrai, wato mai kwas ɗin da yaranmu suke kuka in an ba su, kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan a Zariya. Kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasar 'yan tsaki a ƙaramar hukumar Chikun a 2017. An ƙaddamar da tashar sauke kaya ta tudu a Kakuri a 2018. Duk damina kogin Kaduna yana barazana ga gidajen da aka gina a hanyar ruwa, unguwanni kuma suna faɗaɗa ba tsari, alhali kwalejin nazarin muhalli ta Kadpoly, inda ake koyar da safiyo da tsara gari da gine-gine, tana Barnawa. Aiki yana kewaye da mu, idonmu ne ya tsaya a kan sunaye uku.

Babu inda wannan raini ya yi mana illa kamar fannin koyarwa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar gwaji, ta sanar cewa 21,780 ba su ci ba. An yi jayayya mai zafi a kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, kuma akwai adalci a wasu ƙorafe-ƙorafen. Sai dai tushen matsalar ya girmi waccan gwamnati da wadda ta gabace ta. Mun mai da karatun malanta matattarar waɗanda sauran sassa suka ƙi. Tsarin kansa yana faɗin haka: a 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, na shiga kwalejin ilimi kuwa 100. Wanda ya shiga malanta don ya rasa abin yi, shi zai tsaya gaban 'ya'yanmu gobe yana koya musu Lissafin da shi ma bai iya ba, su kuma su zo JAMB su kasa kai 200, mu dawo muna mamaki. Gaskiya ne albashin malami bai taka kara ya karya ba, kuma wannan laifin hukuma ne da ya kamata a ci gaba da matsa mata a kai. Amma a Narayi da kewaye, inda kusan kowane layi yake da makarantar kuɗi, iyaye da kansu suna cigiyar malamin Fiziks ko na Turanci da ya san aikinsa, makarantu suna ƙwace shi a tsakaninsu, wasu irinsa ma sun buɗe nasu. Yaron da Allah ya ba baiwar fahimtar da mutane, in muka hana shi malanta don kunyar maƙwabta, mun cuce shi mun kuma cuci jikokinmu.

Za a ce wannan magana ce ta masu hali, talaka ba shi da sararin bin son ran yaro, dole ya nemi kwas ɗin da zai fitar da gida daga wahala. Wannan damuwa ta gaskiya ce, kuma duk wanda ya ga yadda uwa take soya ƙosai ko take zaman kasuwa don kuɗin makaranta ba zai raina ta ba. Amma in an auna da kyau, talaka ne ya fi kowa buƙatar zaɓe da hankali. Mai kuɗi in ɗansa ya faɗi zai sake biya, ko ya kai shi jami'ar kuɗi, ko ya tura shi waje. Talaka harsashi ɗaya gare shi. In ya kashe shi wajen bin gurbin da yaron ba zai samu ba, ko kwas ɗin da za a kore shi a aji biyu, babu na biyu, kuma ƙannen da ke jiran a ɗauke su sun shiga ciki. Yarinyar da ta gama karatun gwaje-gwajen asibiti ko na akanta da sakamako mai kyau ta fara kawo wani abu gida, ta fi amfani ga iyayenta a kan wadda ta shekara uku tana sake JAMB don sunan likita. Wasu kuma za su ce a Nijeriya ai digiri digiri ne, hanya ke ba da aiki. Ba za a musa cewa sanayya tana aiki a ƙasar nan ba. Sai dai mai faɗin haka ya manta cewa yawancin 'ya'yanmu ba su da kawu a Abuja. Wanda ba shi da hanya, iyawarsa ce hanyarsa. Mai gidan gona ba ya riƙe likitan dabbobin da kaji ke mutuwa a hannunsa don ɗan wane ne, mai kamfani ba ya riƙe akantan da littafinsa ba ya daidaita.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata baki ne tunda jami'a ce ke ba da abin da ta ga dama, yaro ya karɓa kawai, in ya shiga ya canza. Canza kwas a cikin jami'a yana yiwuwa, amma yana da sharuɗɗa, yana bukatar sakamako mai kyau da gurbi a sashen da ake nema, kuma sassan da ake rububi su suka fi wuyar shiga ta wannan hanya. Dogara da shi gina gida ne a kan rairayi. Tun 2017 JAMB ta kawo tsarin da ɗalibi yake ganin gurbin da aka ba shi a intanet, ya karɓa ko ya ƙi, kuma akwai damar sauya kwas ko makaranta bayan fitowar maki. Wanda ya ga makinsa ya koma ya zaɓi abin da makin zai kai, cikin fannonin da yake iyawa, shi ya riƙe linzami. Wanda ya nace a kan abin da ya fi ƙarfinsa shi ya miƙa wa wasu zaɓin rayuwarsa. Hanyar shiga jami'a ma ba ɗaya ba ce. Akwai karatun share fage na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, akwai difloma da takardar NCE, waɗanda ake iya shiga aji biyu da su kai tsaye. Kadpoly, wadda asalinta ya koma 1956, ta yaye masu sana'a da suka gina Arewa. Bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri a wurin aiki zalunci ne da ya daɗe, kuma ya kamata a kawar da shi, amma bai kai a ce yaro mai basirar hannu ya zauna gida shekara uku yana ƙyamar makarantar da ke bayan gidansu ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta girman iyaye. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma addinan da muke bi a wannan gari, Musulunci da Kiristanci, duka sun yi umarni da girmama uwa da uba. Babu mai hankalin da zai ce a bar ɗan shekara goma sha shida ya yanke wannan hukunci shi kaɗai. Amma hangen babba yana da amfani ne in ya kalli yaron da ke gabansa da kasuwar da ke nan yau. Uban da yake zaɓar wa ɗansa kwas don ya cika burin da shi bai cika ba, ko don a kira shi baban likita a taron biki, kansa yake hange. Shi yaron ne zai zauna a ɗakin karatu da tsakar dare, shi zai shiga jarrabawa, shi zai tashi kowace safiya shekara talatin yana yin aikin. Haƙƙinsa ne a zauna da shi a ji ta bakinsa, a nuna masa abin da bai sani ba, a kai shi wurin mai yin aikin ya gani da idonsa. A nan ne kuma ya kamata iyaye su daina kallon fannonin tarihi da harsuna da zamantakewa da aikin jarida a matsayin ɓata lokaci. Garin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba mazaunansa, har kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabtan jiya, yana buƙatar masu sanin tarihinsa da masu iya sasanci da 'yan jarida masu gaskiya da alƙalai masu adalci, kamar yadda yake buƙatar masu gina gada. Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa suna nan a Kaduna cike da takardun da ke jiran masu karanta su.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma ba sai an jira gwamnati ba. Kowace sakandare a Narayi, ta gwamnati ko ta kuɗi, ta ware rana kafin a raba aji, ta tara iyaye da yara, ta buɗe musu littafin JAMB da ke nuna darussan da kowane kwas yake nema, domin littafin yana nan a intanet kyauta. Majami'u da masallatai da ƙungiyoyin ci gaban ƙabilu, waɗanda unguwar nan take da su birjik, suna da ma'aikatan jinya da masu safiyo da akantoci da malamai da tsofaffin ma'aikatan masaƙa a cikin membobinsu. A gayyato su su faɗa wa yara yadda ranar aikinsu take, da daɗinta da wuyarta da abin da ake samu. A lokacin dogon hutu, a tura yaro ya yi mako biyu a kantin magani ko garejin gyaran mota ko gidan gona ko ofishin lauya, ya shaƙi warin aikin kafin ya ɗaura wa kansa shi. A gida kuma, uba da uwa su shimfiɗa takardun sakamako, su kira yaron, su yi lissafin shekaru da kuɗi a gabansa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai hikima yakan duba inda icen ya karkata kafin ya sa hannu. In mun yi haka, ranar da layi ya zo kan ɗanmu a cibiyar rajista aka tambaye shi wane kwas, ba zai waiwaya neman idon kowa ba. Zai faɗi amsar da shi da iyayensa da malamansa suka shekara uku suna aunawa, ya kuma san abin da zai yi da ita ko da wata masaƙar ta sake rufewa.